Gemun Baba da Kwanson Habsu

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya kwashe ranar auren ƙanwata Habsu. Na yi ƙoƙarin mantawa, wallahi na yi. Amma da na ji ƙanshin man shanu, sai in ga kaina zaune a rumfar ƙirar Baba a Dakoro, cikin farar shadda sabuwa fil, guduma a hannu, dattawa sun kewaye ni, ni kuma ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Bari in fara da Baba, don in ba ka san shi ba, ba za ka gane girman wautar da na tafka ba.

Mahaifinmu maƙeri ne, amma ba na gatari da hauya ba. Wannan aikin ƙanensa ne, Baffa Lawali. Shi Baba tagulla da azurfa yake taɓawa: zobe, awarwaro, 'yan kunne, adon kuben wuƙa. Abin da aka fi saninsa da shi kuwa shi ne tandun kwalli na kwanson harsashi. E, kwanson harsashi, wanda aka riga aka harba, ya zama fanko. Yana da wani amini, Agali, Buzu ne daga wajen Azagor, tsohon gardi, irin masu ɗamarar gwamnati. Lokacin da Agali yake aiki, in sun gama koyon harbi da ƙaramar bindigar nan ta ƙugu, sai ya tsince kwansunan da suka zube, ya ƙulle a bakin rawani ya kawo wa Baba. Ka san wasan da ke tsakanin Buzu da maƙeri. Agali ba ya kiran Baba sai da "Ci-gawayi", Baba kuma ya ce masa "Ɓoye-baki". Su wuni suna zagin juna, su rabu kowa na kewar wani.

Kwanson da aka harba ba ya zama yadda yake. Yana kumbura, bakinsa ya buɗe, wani ma ya lotse. Baba zai jiƙa shi a ruwan tsamiya, ya dirje da toka har ya yi ƙyalli, ya goge bakin da magagari ya daidaita, ya toshe ɗan ramin gindin da dalma. Sannan sai aikin da ya fi kowane wuya, wato matse bakin. Yana da wani dunƙulen ƙarfe kamar girman dunƙulen hannu, da rami a tsakiya mai tsukewa a hankali, shi ya ƙera abinsa tun ba a haife ni ba. Maƙoshi yake ce masa. Zai sa kwanson ta baki, ya riƙa ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma har ya shige, ya juya maƙoshin, ya zura tsinken ƙarfe ta ɗaya gefen, ya ɗan buga, kwanso ya faɗo tafin hannunsa da siririn wuya. Sai ya ɗauko kwanso na biyu ya kifa a kai. Ka ji "ƙwas". Tandu ya samu marfi. Wannan "ƙwas" ɗin har yau yana kunnena.

To amma kafin ya sa kwanso a maƙoshi, akwai abin da Baba ba ya taɓa tsallakewa. Zai ɗaga shi ya murza a cikin gemunsa, sau uku, bakinsa na motsi. Ina yaro na taɓa tambayarsa mene ne wannan. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Gaishe shi nike."

Daga nan aka sa ni lakwal, makarantar boko. Na yi karatu, na zama mushe, wato malamin makaranta, daga baya aka mayar da ni biro, aikin ofis, a Maradi. Kai kuwa ya kumbura, ya fi kwanson da aka harba. Rumfar da na tashi a cikinta sai ta koma mini wurin hayaƙi da ke ɓata riga. In na zo hutu, daga bakin rumfa nake gaida Baba, a tsaye, ina kaɗe toka daga takalmi. Akwai ranar da na zo da abokan aikina biyu, muka tarar yana murza kwanso a gemu. Ɗaya ya tambaye ni da Faransanci mene ne tsohon yake yi. Na amsa da Hausa, da ƙarfi, don Baba ya ji: "Camfin maƙera ne kawai, ka san mutanen da." Baba bai ɗago ba. Ya ce, "To, Mushe." Ya ci gaba da aikinsa. (Na sha kwanciya ina juya wannan "To, Mushe" ɗin. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.)

Mu biyar ne wurinsa, ni ne babba kuma ni kaɗai ne namiji. Baba yana da al'adarsa: duk 'yarsa da za ta yi aure, ranar ɗaurin auren, bayan an shafa fatiha, sai ya koma rumfa da dangin ango, ya ƙera mata tandunta a gabansu, a kai mata ɗaki da ɗuminsa. Uku sun samu nasu. Kwansunan Agali suna ta ƙarewa, don ya daɗe da barin aiki, har ya rage guda biyu tak. Baba ya wanke su, ya toshe gindinsu, ya naɗe a tsumma ya sa a gwangwanin shayi ya ce, "Waɗanga na auta ne." Da damina ya kwanta, kwana shida, ya tafi. Ina Maradi. Ko da na iso an dawo daga maƙabarta.

Bayan shekara da wani abu aka sa ranar Habsu da kaka, kuma wa za ta aura? Jikan Agali. Da dangi suka zauna shawara, Baffa Lawali ya ce, "Batun tandun yarinyar ga, hannuna na baƙin ƙarfe ne, ban saba da tagulla ba, amma zan gwada." Kafin ya rufe baki na ce a'a, ni zan yi. Kowa ya juyo. Ni da ban taɓa riƙe awartaki ba tun ina aji uku! Baffa ya ce, "Mushe, kai?" Na ce ƙwarai, ai jini ne, kuma yanzu akwai ilimi.

A lokacin na ɗauka alfahari ne ya sa ni. Alfaharin yana nan, ban musa ba. Amma gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, ina so in zauna a kan fatar da Baba yake zama, ko sau ɗaya, in riƙe gudumarsa. Ban zauna kusa da shi ba yana da rai, sai nake ganin in na yi wannan aikin kamar na biya wani abu.

Na koma Maradi na shiga shiri irin na 'yan boko. Na buɗe salula na yi ta bincike, har na faɗa kan bidiyon wasu Turawa masu tara kwansunan da suka harba. Su ba kwalli suke zubawa ba, sake cika abinsu suke yi don harbinsu ya tafi daidai, amma na ga su ma sai sun wanke kwanso, sun matse shi ya koma girmansa, sun datse baki, sun auna da wani ƙarfen awo mai lambobi. Na ce, ashe! Abin da Baba yake yi da ido da camfi, ga shi mutane na yi da lissafi. Ingilishi suke yi, ba na jin ko kalma ɗaya, kuma megana na intanet suka ƙare bidiyon bai kai rabi ba. Ban damu ba, na ce na ga abin da nake nema. Na shiga kasuwa na sayi ƙarfen awon, na yi mako biyu ina auna duk abin da na samu a biro: marfin bik ɗin rubutu, bakin kwalba, har yatsan wani abokin aikina.

Ana gobe ɗaurin aure na shiga gaida amarya. Habsu tana cikin lalle, an lulluɓe ta, ƙawaye sun cika ɗaki. Ta sa suka ba mu wuri. Daga cikin mayafi ta ce, "Yaya, ka tabbata kana iyawa?"

Na ce, "Ke, kin san da wa kike magana?"

Ta ce, "Duk kayan da aka jera mini, wallahi ban damu da ko ɗaya ba. Yayyena kowa na da na Baba. In kewarshi ta kama ni, gwangwanin nan nike ɗauka in girgiza, in ji suna ƙara. Su biyu ne kawai, Yaya. Babu na uku."

Na ce ta kwantar da hankalinta, nata sai ya fi na kowa daidaito, don nata da awo za a yi. Na fito ina jin kaina.

Yanzu sai in gaya maka yadda muke da Inna, mahaifiyarmu. Ni ne ɗan fari, saboda haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta dubana ido cikin ido, ba ta zama inda nake. In tana da magana da ni, bango take faɗa wa, ko ta aiko wani. Da safiyar ɗaurin aure, na gama aske haɓata tas har tana sheƙi, ina zaune ina jiran ɗumame, sai ga Inna ta shigo da gwangwanin shayin nan. Ta ajiye a gabana, ta ɗora wani ɗan ƙoƙo a kansa, ta juya ta fita ba ta ce uffan ba. Na buɗe ƙoƙon. Man shanu ne, sabo, irin na Fulanin Tagriss mai ƙanshin nan. Zuciyata ta yi sanyi. Na ce Allah sarki Inna, ba ta iya faɗa da baki, amma ta san yau ɗanta zai yi aikin maza, tana so in ci in ƙoshi. Aka kawo ɗumame, na juye man duka a kai, na cinye, na suɗe ƙoƙon da yatsa. (Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Aka ɗaura aure da hantsi, aka raba goro da dabino. Baffa ya ce dangin ango su taso zuwa rumfa kamar yadda marigayi ya saba. An share ta, an shimfiɗa tabarmi, Baffa ya hura wuta don kada wurin ya yi kama da kango. Agali ya zauna a gaba, ya tsufa sosai, rawani ya rufe komai sai idanu, an miƙa masa ɗan kofin shayi. Na tattare shadda na zauna a kan fatar Baba. Gurbin zamansa yana nan a jikinta.

Da na ware kuwa, sai mushe ya motsa. Na fito da ƙarfen awo na ɗaga sama don kowa ya gani. Na auna kwanson ta baki, na auna ta gindi, na faɗi lambobin da Faransanci, na fassara. Na yi musu bayanin yadda zafi ke kumbura tagulla. Na ce a ƙasashen da suka ci gaba, ko kaurin gashi ba a bari ya wuce. Dattawa suna ta "to", "ikon Allah". Na ɗan goge bakin da magagari, na sake aunawa, na ɗauko maƙoshi na saita kwanson.

Agali ya ce, "Kai ɗan Ci-gawayi, ka mance gaisuwa."

Aka yi dariya. Baffa ya matso ya ce a hankali, "Ɗana, ban san abin da yake karantawa ba, bai taɓa gaya mini ba. Amma ko tofi ka yi mashi."

Da na yi shiru na bi maganarsa, ko ba ta yi amfani ba, da kunyar ta zo da sauƙi. Ina! Sai na gyara murya na ce, "Baba Agali, Baffa, Allah ya jiƙan Baba, amma ƙarfe ba ya jin gaisuwa. Lamba yake ji." Har da ɗaga yatsa, kamar ina gaban 'yan aji.

Na fara ƙwanƙwasawa. Bugu uku na farko ya shiga lafiya. A na huɗu ya yi wata 'yar ƙara kamar ƙofar da ta yi tsatsa, ya tsaya. Na ƙara ƙarfi. Ya ɗan motsa. Na ƙara, na ƙara, har ya shige, amma ni kaina na ji a hannuna ba haka na Baba yake shiga ba. Na juya maƙoshin, na zura tsinke, na ɗan buga, na tara tafin hannu yadda yake yi.

Babu abin da ya faɗo.

Na sake bugawa. Shiru. Agali ya ce, "Ya yi fushi, ba a gaishe shi ba." Rumfa ta ɗauki dariya. Na yi yaƙe na ce haka yake yi wani lokaci. Gumi ya fara bin bayana. Na buga da ƙarfi, guduma ta goce ta sami babban yatsana, na haɗiye ihun saboda surukai. Agali ya ce, "A kawo ma Mushe allo ya rubuta mashi lambar, wataƙila bai ji da kyau ba." Wani tsoho har da tari don dariya. Baffa ya miƙo hannu ya ce, "Dakata, kawo in gani." Ni kuwa kunya ta riga ta rufe mini ido. Na ajiye ƙaramar guduma, na jawo masabar Baffa, wadda yake dukan hauya da ita, na ɗaga na sauke a kan tsinken.

Na ji "fus". Tsinken ya wuce gaba ɗaya. Gindin kwanson ya ɓalle, ya yi tsalle ya faɗa tabarma gaban Agali, yana juyi kamar ƙaramin kwabo. Sauran jikin kuwa yana cikin maƙoshi, ya manne, a yage.

Dariya ta ɗauke ɗif. Abin da ya fi kashe ni shi ne Agali. Mutumin da ya shekara hamsin bai bar maƙeri ya yi tuntuɓe ba tare da ya yi masa waƙa ba, sai ya sa yatsu biyu ya ɗauki gindin kwanson, ya daɗe yana dubawa, ya ja rawaninsa sama har ya kusa rufe idanun. Shi ya tsinto kwanson nan da hannunsa, amininsa ya wanke ya adana, ni kuma na zo da lamba na fasa.

Zana ce kawai tsakanin rumfa da cikin gida. Na ji guɗar mata ta tsaya, na ji ana ƙus-ƙus, sannan na ji wata murya ta fashe da kuka can cikin ɗaki. Ba sai an gaya mini ko wace ce ba. Ina zaune a kan fatar Baba, masaba a hannu, yatsa na zugi, na kasa ɗaga kai.

Sai ga takun mutum ta ƙofar zana. Inna ce. Matar da ban taɓa ganin ta taka rumfar nan da maza a ciki ba, ta shigo da mayafinta, maza suna janye ƙafa. Ba ta dube ni ba. Ta tsaya gaban Baffa ta ce, "Lawali, tambaye shi, ina man da na aje mashi bisa gwangwani?"

Baffa ya juyo. "Wane mai?"

Na ce, "Man... man shanu?"

"Tambaye shi ina yake."

Na ce, da muryar da ban san ina da irinta ba, "Na ci."

"Ka mi?" in ji Baffa.

"Na ci da ɗumame."

Wallahi ban san wanda ya fara ba. Rumfar nan ta kece, dattawa suna riƙe ciki, wani ya faɗi a kan na kusa da shi, mata a bayan zana su ma suka kama. Agali ya saki rawani yana buga cinya, hawaye na zuba, ban san na dariya ne ko na ɗazu ba. Yana cewa, "Ya ci! Ɗan Ci-gawayi ya ci kayan aiki!"

Inna ba ta yi dariya ba. Ta jira aka lafa, sannan ta ce, har yanzu Baffa take kallo, "Tunda aka kawo ni gidan ga, duk safiyar da zai taɓa tagulla, ni ke shafa mashi man shanu a gemu. In babu mai, kwanso kamawa yake cikin ƙarfe. Ya ce in ya aje man a ƙoƙo, toka da ƙasa na faɗawa su karce mashi aiki. Gemu kuwa yana tare da shi, ba ya ɓata, ba ya zubewa. Shi wannan ba ya da gemu, shi ya sa na sa mashi a ƙoƙo."

Baffa ya riƙe baki. Shekara da shekaru yana zaune kusa da yayansa, shi ma ya ɗauka asiri ne. Agali ya ce, "To, Hajiya, bakin da yake motsawa fa? Mi yake karantawa?"

Inna ta ce, "Goro yake tauna."

Aka sake fashewa. Ni kaɗai ne ban yi dariya ba. Ina tuna ranar da na tsaya a bakin rumfar nan da takalmi mai ƙyalli na ce camfi ne. Ashe amsar tana bakinsa, kalma biyu ce, da ya ga dama da ya kunyata ni gaban abokaina. Bai yi ba. Ya ce "To, Mushe", ya bar ni da girmana.

Baffa ya karɓi maƙoshin, ya ɗan gasa a wuta, aka kawo wani man ya ɗiga, ya yi ta lallaɓawa da tsinke har yagaggen kwanson ya fito. Maƙoshi ya tsira. Amma kwanso ɗaya ya rage a gwangwani, tandu kuwa sai da biyu. Na ce zan je Maradi in nemo. Agali ya ce, "Nemo ina? Zamanin ga, a kama ka da kwanson harsashi a aljihu bisa hanya, sai ka yi bayani har bakinka ya bushe. Wancan lokacin ya wuce, yaro."

Inna ta sa hannu a haɓar zaninta ta kwance wani ƙulli. Tandunta ne. Shi ne na farko da Baba ya taɓa yi, ya ba ta tun kafin a kawo ta, ya yi baƙi-baƙi don tsufa, sai inda yatsa ke kamawa ne ke ƙyalli. Ta cire marfin ta miƙa wa Baffa. "Ga marfi. Wanda ya rage a yi jikin da shi."

Baffa ya ce, "Kawo in yi."

Ta ce, "A'a. Shi ya zauna bisa fatar, shi za ya gama."

Sai ta karɓi ƙoƙon man daga hannun Baffa, ta tako har gabana. Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ɗaga kanka." Ni ta faɗa wa, ba bango ba. Na ɗaga. Ta lakato mai da yatsa biyu ta shafa mini a haɓa, haɓar da na aske tas da safe, ta murza a hankali ta gefe da gefe kamar akwai gashi a wurin. Hannunta ya san aikin, ba ni yake shafawa ba. Rabon da hannun Inna ya taɓa fuskata ban ma san shi ba. Ta juya ta fita.

Na ture ƙarfen awo gefe. Na ɗauki kwanson ƙarshe na murza a haɓata, sau uku, ƙato da ni, mai na naso, hawaye na gangarowa suna haɗuwa da shi, babu wanda ya yi dariya. Na sa a maƙoshi na ƙwanƙwasa a hankali. Ya shige kamar ana jansa. Na juya, na zura tsinke, na taɓa sau ɗaya. Ya faɗo tafin hannuna da ɗuminsa. Na kifa marfin Inna a kai.

"Ƙwas."

Agali ya ce, "Ci-gawayi, ka ji?" Ba da ni yake ba.

Aka zuba kwalli aka kai wa amarya. Ban iya shiga wurinta ba sai bayan kwana uku, a gidanta. Na fara ba ta haƙuri, ta tare ni ta ce, "Yaya, nawa ya fi na kowa. Jiki na Baba, marfi na Inna." Na ce ni fa? Ta ce, "Kai ka ci mai." Sunan ya bi ni. Har Agali ya rasu bai sake kirana da wani suna ba sai Mushe Ci-mai, kuma jikokinsa sun gada.

Tandun Inna yana nan, babu marfi, da ɗan tsumma take toshe shi. Na sha kawo mata na kanti masu kyau, ta ajiye ba ta taɓa ba. Duk lokacin da na je Dakoro na gan shi a kan taga da tsummansa, sai in ji wani abu ya soke ni, don na san wanda ya jawo. Yagaggen kwanson kuma yana wurina, cikin gwangwanin shayin. In na girgiza, ƙara ɗaya yake yi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Sau ɗaya na tambayi Baba, ina yaro, ya ba ni amsar yara. Da na girma ban sake tambaya ba, sai na koma ni ke ba shi amsa. Da zan samu hantsi ɗaya da shi a rumfar nan, ba zan ce komai ba, zan zauna ne kawai in bar toka ta ɓata mini riga.

Na bar gemu tun daga ranar. A biro suna cewa Mushe ya zama ustazu, ni kuwa ba na gyara musu. In na je gida, Inna takan ajiye mini ɗan ƙoƙon man shanu da safe, ta fita ba ta ce komai ba. Ni kuma yanzu sai na ɗaga murya na tambayi bango, "Na ci ne, ko na aiki?" Daga tsakar gida sai in ji ta ce wa kaji, "A gaya mashi ya ci."